Wa ya kamata mu horar domin agajin gaggawa, kuma me za a koya masa?

Baban Sadiq (Ringim):
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ƙungiyar cigaban garinmu ta ɗora mini. An amince a zaɓi mutum 30 a ba su horon agajin gaggawa kafin damina ta kankama, an kuma tara abin da zai ɗauki nauyin bita ta kwana uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, jama'a suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi, aka rasa mutum fiye da 150, waɗansu kuma suka cika daga baya a gadon asibiti. Ga ambaliya kuma, wadda kusan kowace shekara take cin gonaki da gidaje tun daga nan Ringim har Auyo da Haɗeja da Guri. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tana nan tun 1999, jiha ma tana da hukumarta ta SEMA, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin haɗari ya san cewa kafin motar hukuma ta iso, maƙwabta da masu wucewa sun riga sun ɗauki wanda za a ɗauka, ko dai sun ɗauke shi yadda ya dace, ko kuma sun ƙara masa rauni ba da saninsu ba. To wa za mu zaɓa, me za a koya musu a cikin kwana uku, kuma yaya za a yi abin ya ɗore bayan an raba takardun shaida an watse?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, Allah ya saka da alheri da wannan tunani, sai dai ina da gyara tun daga tushe. Ban ga dalilin kafa sabuwar runduna ba alhali muna da 'yan agaji a kowane masallacin Juma'a. Jama'atu tana da nata, Fityanul Islam tana da nata, Izala tana da nata, kuma su ne suke tsare filin idi, suke hidimar alhazai a sansani, suke zaman jinyar wanda ba shi da kowa a asibiti, suke haƙa kabari idan an yi rashi mai yawa. Na daɗe ina sanye da wannan kaki, kuma na san abin da muke da shi wanda kuɗi ba ya saya: muna da shugabanci, muna da biyayya, idan aka busa usur kowa ya san inda zai tsaya, kuma ba mu taɓa jiran a biya mu ba. Idan kuka ɗebo matasa 30 daga titi kuka ba su riga da hula, bayan wata shida rabinsu sun tafi cirani Legas ko Fatakwal. Ku kawo masu koyarwar, mu mu kawo mutanen.

Maman Hanifa (ma'aikaciyar jinya):
Malam Habu, ina girmama aikinku, domin mu da muke sashen gaggawa mun fi kowa sanin amfanin ɗan agaji a bakin ƙofa ranar da aka kawo mutane da yawa lokaci guda. Amma zan roƙi alfarma in faɗi abin da nake gani, ba tare da na ɗora wa wata ƙungiya laifi ba. Iya fareti da tsare layi abu ne daban, iya riƙe wanda jini yake zuba daga cinyarsa kuma abu ne daban, kuma da yawa daga cikin masu kaki, ko wane iri ne, ba a taɓa sa su sun gwada na biyun da hannunsu ba.

Bari in kawo misalin ƙuna, tunda an ambaci Majiya. Sau da yawa ana kawo mana wanda ya ƙone an riga an shafe masa jiki da ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko manja, wani lokaci har da baƙin mai na inji. Dole sai mun wanke wannan duka kafin mu ga zurfin ƙunar, ga fata ta saɓule, ga mutum yana ihu, kuma dattin da ya shiga yakan zama sanadin ruɓewar ciwon bayan kwanaki. Abin da ake bukata kuwa ruwa ne kawai mai tsabta, mai ɗan sanyi, a riƙa kwarara shi a kan wurin har minti 20. Ba a sa ƙanƙara. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin hannu ya kumbura, kada a fizge tufar da ta manne da fata, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kuma lulluɓe sauran jikin domin wanda ya ƙone sosai, musamman yaro, sanyi yana saurin kama shi.

Saboda haka shawarata ga Baban Sadiq ita ce kada a cika kwana ukun nan da lacca. A taƙaita a kan abubuwa kaɗan, a maimaita su har hannu ya saba. Na farko tsayar da jini: a danna kan raunin da ƙarfi da ƙyalle, kada a ɗaga ana leƙawa, idan ya jiƙe a ƙara wani a kai. Idan hannu ko ƙafa ce kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da abu mai faɗi, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure, kada kuma kowa ya kwance sai a asibiti. Sai buɗe hanyar numfashi, da kwantar da wanda ya suma amma yana numfashi a kan gefensa, domin kada amai ko harshensa ya shaƙe shi. Sai kuma yadda ake ɗaga wanda ake zargin ya samu rauni a wuya ko ƙashin baya, mutum ɗaya ya riƙe kai, sauran su ɗaga tare a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ɗaki ne. Akwai waɗanda suka fita daga mota da ƙafafunsu suna motsi, amma suka iso mana ƙafafun sun mutu, saboda an kama hannu da ƙafa an jefa su a bayan mota. Kuma don Allah a daina ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara a baki.

Malam Habu:
Hajiya, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba. Ana koya mana taimakon farko a sansanin horo, amma gaskiya ne yawan mutane yakan sa ba kowa yake samun damar gwadawa ba. Wannan ai hujja ce ta a ƙara mana horo, ba ta a tsallake mu ba.

Alhaji Ɗanjuma (direba):
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma hanyar Kano zuwa Haɗeja zuwa Nguru na san ta dare da rana. Ina so malamai su duba wani abu. Haɗari ba ya faruwa a ƙofar masallacin Juma'a, yana faruwa ne a daji tsakanin gari da gari, kuma wanda ya fara isa wurin direba ne, ko ɗan acaɓa, ko mai adaidaita sahu, ko manomin da yake gefen titi. Motocinmu ne suke zama motar asibiti. Lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra tana nan, 112 ta kiran gaggawa na ƙasa ma tana nan, kuma ina kira, amma akwai wuraren da babu sabis, akwai kuma nisan da ko sun taso nan take sai an jira. Idan za a raba gurbi 30, ni ina ganin a ba tasha nata kason.

Sai dai in faɗa muku abin da yake hana direbobi tsayawa, domin ba rashin imani ba ne. Tsoro ne. Na taɓa ɗaukar wani da mota ta buge ta gudu, na kai shi wani asibiti, aka ce ba za a taɓa shi ba sai na ajiye kuɗi, daga baya kuma na wuni ina amsa tambayoyi kamar ni na buge shi, fasinjojina suna zaune a rana. Duk direban da ya ji irin wannan labari, gobe idan ya ga mutum a kwance zai kau da kai ya taka mota. Idan horonku bai taɓa wannan matsalar ba, kun koya wa mutum abin da ba zai tsaya ya yi ba.

Barista Aisha:
Baba Alhaji, abin da ya same ka ya saɓa wa doka, kuma ya kamata duk wanda za a horar ya san haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta kula da wanda aka harba da bindiga, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba, kuma ta ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a tsare shi da tambayoyi na cin fuska. Na san akwai tazara tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke faruwa da ƙarfe biyun dare. Hanyar rage tazarar ita ce a gayyaci DPO na yankin da shugaban babban asibiti su zo wurin bitar da kansu, a miƙa musu sunayen waɗanda aka horar, a ba kowane ɗaya katin shaida mai hoto da sa hannun hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma. Ina kuma ba da shawarar a nemi reshen Red Cross na jiha ya kawo masu koyarwa, domin ƙungiya ce da doka ta kafa tun 1960, tana da rassa a duk jihohi, kuma takardarta tana da nauyi a idon hukuma fiye da wadda ƙungiyar gari za ta buga da kanta.

Malam Nuhu (Kumasi):
Ina goyon bayan Alhaji Ɗanjuma, kuma a nan Ghana an taɓa gwada abin da yake faɗa. Wajen shekarar 2000 likitoci suka lura cewa mafi yawan waɗanda suka ji rauni a hanya motocin haya ne suke kai su asibiti, sai suka shirya wa direbobi fiye da 300 kwas na awa shida kacal, ta hannun ƙungiyarsu. Ba a dogara da rubutu ba, tunda da yawansu ba su yi karatu mai zurfi ba, an dogara da nunawa da gwadawa. Da aka bibiye su daga baya, an samu ƙaruwa sosai a yawan waɗanda suke tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi da kula da wurin haɗarin. Ke nan ba tsawon kwanakin ba ne abin dubawa.

Ya Bukar (Maiduguri):
Jama'a, duk maganar da aka yi zuwa yanzu ta rauni ce, amma Baban Sadiq ya ambaci ambaliya, kuma ita aikinta daban ne. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba 2024, ruwan ya shigo mana cikin dare, wayewar garin 10 ga wata ya tarar da Gwange da Fori da Kasuwar Monday da kewayen fadar Shehu duk a cikin ruwa, har asibitin koyarwa bai tsira ba. Dattawanmu sun tuna irin wannan a 1994, amma yawancin matasa ba su taɓa gani ba, shi ya sa da aka fara cewa a tashi, mutane da dama suka ce ruwa bai taɓa zuwa layinsu ba.

Abin da na gani da idona shi ne, bandeji bai yi amfani ba a wannan daren. Abin da ya yi amfani shi ne sanin unguwa. A layinmu akwai wani yaro mai sayar da ruwa a kura, wanda saboda sana'arsa ya san kowane gida: ya san inda tsohuwa makauniya take kwana ita kaɗai a ɗakin baya, ya san gidan da mai jego take da jaririn kwana huɗu, ya san gidan da maigidan ya yi tafiya ya kulle ƙofa ta waje. Shi ya riƙa nuna wa samari ƙofofin da za su fara bugawa, kuma a cikin kurarsa aka fitar da tsohuwar nan ruwa yana kai wa ƙugu. Babu wanda ya koya masa wannan, amma abu ne da za a iya tsarawa tun kafin ruwa ya zo.

Don haka ina roƙon a ware yini guda cur domin wannan. Kowane ɗan agaji a ba shi layukan da zai kula da su, ya rubuta gidajen da ke da tsofaffi da naƙasassu da masu juna biyu, a amince a kan tudun da za a taru, makaranta ce ko filin idi, a bi hanyar da ƙafa da dare a ga inda kwalbati da rami suke, domin idan ruwa ya rufe ba a ganinsu. A san wanda yake riƙe da makullin lasifikar masallaci. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, amma hasashen yakan tsaya a rediyo da takarda idan babu wanda zai kai shi ƙofar gida. Ku dubi Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen Mayu 2025, inda ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba mutane suna barci, aka rasa fiye da 150. A Bangaladash, bayan guguwar 1970 da ta kashe aƙalla mutum 300,000, sun kafa rundunar 'yan sa-kai ta dubun-dubatar mutane, maza da mata, waɗanda babban aikinsu shi ne yawo da lasifika da tuta suna tayar da mutane zuwa mafaka, kuma mace-macen guguwa sun ragu ƙwarai a ƙasar.

Ɗan Sarkin Ruwa (Yawuri):
Ina ƙara wa maganar Ya Bukar abu ɗaya daga ɓangarenmu na masunta. A koya wa matasa cewa ba a faɗa wa ruwa don ceton wanda yake nutsewa sai in babu wata hanya, kuma sai gwani. Wanda ruwa ya ci ba ya cikin hankalinsa, duk abin da ya kama sai ya danne shi ƙasa, shi ya sa sau da yawa ake fitar da gawa biyu maimakon ɗaya. A miƙa masa gora, ko a jefa masa jarka marar komai mai murfi a rufe, an ɗaura mata igiya. Jarka mai lita 25 tana riƙe babban mutum a saman ruwa, kuma babu gidan da ba ta. Idan an fito da shi, a bar al'adar nan ta danna ciki ko juya mutum ƙafa sama wai a zubar da ruwa. Tun haɗarin kwale-kwalen Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamba 2021, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau, nake cewa duk garin da ke bakin ruwa ya kamata masu tuƙa jirgi su kasance cikin waɗanda za a fara horarwa.

Maman Hanifa:
Wannan gaskiya ne, kuma nan ne danna ƙirji da hura numfashi suka fi amfani. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan 'yan mintoci kaɗan babu iska, saboda haka wanda aka fitar daga ruwa ba ya numfashi, a fara hura masa iska ta baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba a haka, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin kamar santimita 5 ga babba. Amma wannan ba ya koyuwa da kallo. Dole a samo mutum-mutumin roba da ake gwaji a kansa, kowa ya durƙusa ya yi har ya gaji, kada kuma a gwada a kan mai rai. Sannan a sani cewa hannu yana mantawa cikin watanni kaɗan idan ba a maimaitawa, mu ma da muke aikin ana sake mana bita.

Malam Isufu (Maraɗi):
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Abin da ya faru a Majiya mu ma ya same mu a Yamai a watan Mayu 2019, kusa da filin jirgin sama, tankar mai ta kife, mutane suka zo ɗiba, aka rasa fiye da 50. Wata uku bayan Majiya kuma aka sake yi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, ranar 18 ga Janairu 2025, inda fiye da 80 suka mutu. A irin wannan wuri aikin ɗan agaji na gaske yana kafin wutar ne. Ya kamata ya san cewa tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwarara cikin kwata da gangare zuwa nesa da motar, kuma tartsatsi ɗaya ya isa, ko na sigari, ko na babur da aka tayar, ko na janareta, ko na bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta. Aikinsa ya tare hanya daga nesa ta ɓangarorin biyu, ya sa a kashe injuna da wutar masu shayi da masu tsire, ya kira 'yan kwana-kwana, ya tsaya ta inda iska take fitowa. Tambayata ita ce, wa zai saurari yaro ɗan shekara 20 idan ya ce wa mutum ɗari su ja da baya?

Abba:
Baba Isufu, tambayarka ita ce tawa. Ina neman afuwar manya, amma mu matasa mun san abin da ya kai mutane bakin tankar nan. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta haura naira 1,000 a lokacin da abin ya faru, mutum yana ganin jarka ɗaya abincin gidansa ne na mako. Ba jahilci kaɗai ba ne. Haka kuma maganar Malam Habu cewa ba a jiran biya, ina ganin ta fi sauƙi ga wanda yake da sana'a tsayayya. Ɗan acaɓan da zai bar aiki kwana uku ya zauna bita, ranar nan gidansa me za a ci? Idan ana son matasa su tsaya, a sa musu alawus ko yaya yake.

Malam Habu:
Abba, ɗana, na ji ka, kuma ban raina halin da ake ciki ba. Amma na ga abin da alawus yake yi wa aikin sa-kai. Ranar da aka fara biya, ranar ce masu neman gurbi za su fi masu neman aiki yawa, kansila ya kawo ɗansa, mai unguwa ya kawo ƙaninsa, ranar da kuɗin ya yanke kuma ba ka sake ganin kowa. Abin da na yarda da shi shi ne kada ɗan agaji ya yi asara daga aljihunsa: a ba shi abinci da kuɗin mota ranar bita, a mayar masa da man da ya ƙona idan ya kai mutum asibiti, idan ya ji ciwo a bakin aiki ƙungiya ta ɗauki jinyarsa. Wannan hakki ne, ba albashi ba.

Game da tambayar Malam Isufu kuwa, a nan ne nake cewa kaki yana da amfani. Jama'a sun saba ganinmu muna cewa a matsa a filin idi, kuma suna matsawa. Amma ko mu ba za mu iya korar mutane daga fetur ba sai da liman da dagaci a bayanmu. Dole a yi maganar a huɗuba tun kafin ranar, a faɗa a kasuwa, a san cewa idan ɗan agaji ya ce a ja baya, da bakin mai gari yake magana.

Hajiya Baraka:
Na karanta duk abin da aka rubuta, ban ga inda aka ce mata nawa ne a cikin 30 ɗin ba. Mafi yawan ƙunar yara a madafa take faruwa, da ruwan zafi ko man suya ko kunu, lokacin da mazan duk suna kasuwa ko gona. Yaro ya faɗa rijiya ko ya shaƙe da abinci, uwa ce ko kishiyarta ko maƙwabciya a kusa. Idan ruwa ya shigo da rana, gidajen kulle mata ne a ciki, kuma akwai gidan da namiji baƙo zai tsaya yana sallama a zaure alhali daƙiƙa tana da tsada. Malamai sun yi bayani cewa larura tana halatta namiji ya ceci mace, amma sanin hukuncin bai hana mutane jinkiri ba, kuma mace mai naƙuda ko wadda tufafinta suka ƙone ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta. Muna da ungozomomi, muna da malaman Islamiyyar matan aure, muna da matan da suka yi shekaru suna shiga gida-gida aikin rigakafin shan inna, sun san kowane lungu. A ba su kashi ɗaya cikin uku aƙalla, a yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya da mace mai koyarwa, a lokacin da mazajensu za su yarda.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan kai wa kwamiti ranar Asabar. Ba za mu kafa sabuwar ƙungiya mai suna da kaki ba, a nan na bi Malam Habu. Amma ba za mu ba 'yan agajin masallatai gurbin duka ba: ina tunanin 10 daga cikinsu, daga dukkan ɓangarori domin kada abin ya zama na wata aƙida, 10 mata kamar yadda Hajiya Baraka ta nema, sauran 10 kuma a raba tsakanin tasha da 'yan acaɓa da masu kwale-kwale. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kasance mazaunin gari rani da damina. Kuɗin da muka yi niyyar kashewa a riguna da bikin rufewa za mu mayar da shi ga safar hannu da bandeji da tocila da usur da igiya, da abincin atisayen da za a riƙa yi sau ɗaya a wata. Barista, zan nemi taimakonki wajen rubuta wasiƙun gayyata.

Malam Habu:
Rabon bai yi mini daɗi duka ba, domin har yanzu ina ganin direban da yau yake Nguru gobe yake Kano ba zai riƙa zuwa atisayen wata-wata ba. Amma zan kawo mutanena goma, kuma zan zaɓo waɗanda suka fi natsuwa idan sun ga jini, ba waɗanda suka fi iya fareti ba. Sai dai a faɗa mana tun yanzu wa zai ba da umarni a wurin haɗari, domin mutum 30 daga wurare uku ba za su yi aiki ba idan kowa shugaban kansa ne.

Alhaji Ɗanjuma:
Malam, idan aka sa atisayen ranar Juma'a bayan la'asar a cikin tasha, direbobi za su zo, domin yawancinmu muna gida a wannan lokacin. Ni zan yi wa shugaban tasharmu magana.

Maman Hanifa:
Baban Sadiq, akwai abu biyu da ba su shiga lissafinka ba. Kayan aikin kada a kulle su a ofishin ƙungiya, domin haɗarin dare ba zai jira mai makulli ba. A raba su cikin ƙananan jakunkuna, ɗaya a tasha, ɗaya a bakin ruwa, sauran a gidajen masu unguwanni, a sa mutum ɗaya yana duba su duk wata yana cike abin da ya ƙare, musamman safar hannu, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ake ɗauka ta jini. Na biyu, waɗanda suka kwashe gawarwaki a wuri irin Majiya da yawansu sun daɗe ba sa iya barci ko cin nama, kuma ba su da wanda za su gaya wa. A sa a tsarin cewa bayan kowane babban aiki za a zauna da su, da malami da ma'aikacin lafiya, a ji halin da suke ciki. Zan tambayi abokan aikina ko za a samu aron mutum-mutumin gwajin, amma ina bukatar sanin ranakun bitar kafin a fitar da jadawalin aikinmu na wata mai zuwa.